Baƙin da Ba Su Yi Sallama Ba

Jikokina ne suka tasa ni gaba sai na zauna mun kalli wani fim tare. Tun da hantsi Ummi take zuzuta shi, wai na ban tsoro ne, na ƙasar waje da aka juya da Hausa, wai ƙawarta da ta kalla sai da ta kasa zagawa bayan gida ita kaɗai. Ƙanenta Sadiƙu ne ya je shagon masu tura finafinai a bakin kasuwar Rano ya karɓo a waya. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a inuwar ɗakina, aka jingina wayar da kwanon sha, Ummi ta ce, "Hajiya Kaka, ki riƙe zuciyarki fa." Na ce to, na riƙe.

Wani mutum ne da matarsa da 'yarsu a cikin ƙaton gida a tsakiyar itatuwa, babu gida gaba, babu gida baya. Sai ga wasu ƙarti sun zo da fuskokin roba, sun zagaye gidan suna ƙwanƙwasa tagogi. Kafin kowannensu ya ɓullo sai an buga wani kiɗa mai kama da kukan ƙyauren da ya yi tsatsa, har na gane shi, da na ji sai in ce wa yaran, "Ga shi nan tafe." Su kuma mutanen gidan kamar an zare musu hankali. A ji motsi a ɗakin ƙasa, maimakon a dunƙule wuri guda, sai maigidan ya ɗauki tocila ya tafi shi kaɗai. Haka aka yi ta jan mu. A ƙarshe matar, wadda tun farko ba abin da ta iya sai ihu, ta tashi ta gama da su duka, gari ya waye, motar 'yan sanda ta zo, ta rungume 'yarta, rubutu ya hau gudu.

Sadiƙu ya ja tsaki ya ce, "Wallahi an cuce mu. Ko abin da ya kawo su ba a faɗa ba."

Ummi ta dube ni ta ce, "Ke kuma Kaka ko gezau ba ki yi ba."

Na ce, "Ni tambaya ɗaya nake da ita. Ina maƙwabtansu?"

Suka fashe da dariya. Sadiƙu ya ce ai can ba a yin maƙwabta. Suka naɗe tabarma suka tafi, ni kuma na zauna ina jan carbi, amma hankalina ba ya kan carbin. Abin da na ayyana a raina shi ne, wanda ya haɗa fim ɗin nan ba a taɓa shigar masa gida ba. Yana tsammanin mummunar fuska ce abin tsoro, yana kuma tsammanin da mugu ya fita magana ta ƙare. Ni an taɓa shigo mana, da rana tsaka, kuma waɗanda suka shigo fuskarsu irin ta kowa ce.

Gidan da aka haife ni, a wani ɗan ƙauye da ke gefen Kibiya, ba shi da abin da za a kira ƙyaure. Zaure ne na ƙasa mai baki biyu, sai danga ta karan dawa da ake sabuntawa duk kaka, sai tufaniya da ake karawa a bakin ɗaki saboda kaji da awaki. Abin da ke tsare gida a wancan zamanin sallama ce. Namiji baligi, ko ƙanen maigida ne, in ya iso zaure sai ya ja birki ya ɗaga murya, ya jira a amsa, ya jira mata su gyara ɗaurin zane. Ba wanda ya rubuta wannan doka, ba kuma wanda na taɓa ganin ya karya ta. Sannan kowane gida da muryarsa. Muna sanin taɓaryar kowace mace ko ba mu gan ta ba. Ta innata mai nauyi ce, a hankali, kamar mai lissafin abin da take dakawa. Ta Yaya Tabawa, maƙwabciyarmu da danga ɗaya ta raba mu, mai sauri ce, tana cilla ta sama tana tafi kafin ta dawo. Hayaƙi ma magana yake yi. In lokacin girki ya yi ba a ga naku ya tashi ba, kafin ki ankara an leƙo ta kan danga ana tambayar ko lafiya. Ina yarinya abin haushi yake ba ni. Mutum ba shi da damar ya yi zazzaɓi a ɓoye, ba shi da damar ya ƙona miya ba a ji a gida uku ba.

Yau gidan da nake zaune a Rano katangarsa ta fi tsawon raƙumi, an dasa mata fasassun kwalabe a kai, ƙyaurensa na ƙarfe ne mai 'yar taga. Jikana in ya dawo ba ya sallama a zaure, waya yake bugowa daga waje ya ce a buɗe. Ban ga laifinsu ba, don abin da rediyo ke kawo mana daga wasu garuruwa ya isa ya sa mutum ya ƙara sakata a kan sakata. Sai dai injin niƙa ya cinye ƙarar taɓarya, girki ya koma na gas da ba ya hayaƙi, gida ya zama kurma kuma bebe. Maƙwabcinmu na hagu ya kwanta jinya har ya miƙe, ni sai a bakin mai kayan miya na ji.

Kakata ta wajen uba, wadda kowa ke kira Iya, takan ce tsoro na daji, kunya na gida. A kan wannan maganar aka raine mu. Lokacin da nake ba da labari idanunta sun riga sun tafi, sai dai kunnenta ya maye gurbinsu. Da takun ƙafa take gane mutum. Mijinta, da ake kira Malam, ya rasu tun ina goye, kabarinsa ma har ya baje.

An yi mini aure a Rano, da cikina na fari ya tsufa aka mai da ni gida goyon ciki, yadda aka saba. Na haihu da damina, gero ya fara rufe mutum, na sami ɗa namiji. Wanda bai ga jegon da ba, bai ga wahala mai daɗi ba. Safe da yamma a tafasa ruwa a babbar tukunya, a tsoma ganye a yi ta fyaɗa miki har fatarki ta yi laushi, a ɗora ki a gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi, a dame ki da kunun kanwa da nama mai yaji har ki ce kin tuba. Ga kuma kunyar ɗan fari. Ba ki kallonsa a gaban mutane, ba ki yi masa wasa, in ya yi kuka sai ki kau da kai har wata babba ta ce, "Ke, ɗauki yaron mutane ki ba shi ya sha." Sannan ki ɗauka kina ɓata rai kamar an sa ki dole. In ɗaki ya zama ba kowa sai Iya, wadda ba ta gani, nakan buɗe zanen in ƙare masa kallo, in ƙirga 'yan yatsunsa. Sai in ji ta ce, "Ki kalla a hankali, kar ki cinye shi." Ashe tana jin yadda numfashina ke canzawa.

Ba a kai ga suna ba babana ya kira gayya a babbar gonarsa da ke hayin rafi. Ba yadda zai yi, ciyawa ba ta jiran suna. Duk wani mai ƙarfi a ƙauyen ya tafi da fartanyarsa, makaɗa suka tafi da gangar noma, innata da sauran mata suka bi su da fura da tuwo a ka. Innata ta ce kafin ta dawo in hura wutar ruwan wanka da azahar. Aka bar ni da Iya da jinjiri. Daga ɗaki muna jiyo gangar can nesa, iska na kawo ta tana mayarwa.

Ina gyangyaɗi na ji Iya ta ɗaga kai ta ce, "Wa ke nan?"

Ban ji komai ba. Na ce, "Iya, akuya ce."

Ta ce, "Akuya ba ta jan ƙafa."

Sai aka ture tufaniyar. Mutum biyu ne. Na gaba saurayi ne da bai fi mijina ba, riƙe da adda. Na bayan ya manyanta, ya dafa kafaɗar saurayin, wandonsa ya rine da jini daga cinya har dunduniya. Abin da ya fara daskarar da ni ba addar ba ce. Maza ne a ɗakin mai jego, babu sallama. Sai da na ɗauki lokaci kafin kaina ya yarda da abin da idona ke gani, don a duniyar da na sani irin wannan ba ya faruwa. Daga baya muka ji cewa shanu suka kora daga wata ruga, masu shanun suka cim musu, aka sari babban, suka watsar da shanun suka faɗa cikin gero. Gidanmu ne na farko daga bakin gonaki.

Saurayin ya ce, "Wadda ta yi ihu sai na yanka ta."

Iya ta ce, "Wa zai ji ihun, ana wannan kiɗan? Zauna, ɗan nan. Na ji warin jini. Wa aka sara?"

Babban ya zame jikin bango ya zauna, ya ce, "Ni ne, Iya. Rana kawai muke jira ta faɗi, mu wuce. A ba ni ruwa saboda Allah."

Iya ta ce da ni in miƙa masa kunun da ke ƙwarya. Na miƙa, ya karɓa da hannu biyu, har ya yi bismilla. Wannan bismillar ta daɗe tana damuna. Saurayin kuwa bai zauna ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana leƙe ta jikin tufaniya. Na ƙare masa kallo ba da son raina ba: faso a dunduniyarsa, laya a damtsensa, ɗan gemun da bai gama fitowa ba. Da a kasuwa na gan shi da ban waiga ba. Addar kuwa kaɗawa take a hannunsa, leɓensa ya bushe, yana ta haɗiyar yawu. A nan na gane shi ma tsoro yake ji, kuma wannan ne ya fi komai tayar mini da hankali. Mugu mai natsuwa ya san abin da zai yi da abin da zai bari. Mai tsoro da makami a hannu ko shi bai san abin da zai aikata ba.

Sai yaron ya farka ya tsala kuka.

Na ɗauke shi ba tare da an ce in ɗauka ba, na sa masa nono, ya ƙi kamawa. Na jijjiga, na canja masa gefe, kukan sai ƙaruwa yake. Saurayin ya juyo ya ce, "Rufe masa baki." Na ce ina ƙoƙari. Ya sake cewa, "Na ce ki rufe masa baki!" Sai ya tako, ya miƙo hannun hagu ya kama zanen da yaron ke ciki, ya ce, "Kawo shi nan."

Ban san daga inda muryar ta fito ba. Na ƙanƙame shi na ce, "Ɗana ne! Wallahi sai dai ka fara da ni. Ɗana ne!"

Ni da ko kallonsa ba na yi a gaban mutane. Muka tsaya a haka, yana ja ina ja, ina jin warin zufarsa, addar na saitin kunnena. Sai babban ya ce, da muryar da ta gaji, "Sake ta. Ba abin da ya kawo mu ke nan ba." Ya saki. Yaron kuma, ikon Allah, ya kama nono ya yi shiru, ko da yake ni na ji a jikina ba abin da yake samu.

Azahar ta gota. Muna nan zaune, ƙudaje sun taru a kan ƙafar mutumin. Can sai muka ji murya daga bayan danga. Yaya Tabawa ce. Ita ba ta je gona ba don tana goyon 'yarta ƙarama.

"Iya! Lafiya na ji ku shiru? Ban ga hayaƙin ruwan wanka ba."

Saurayin ya ɗora addar a kafaɗar Iya, ya raɗa mata ta sallame ta. Iya ta gyara murya, ta amsa kamar mai hirar yamma.

"Lafiya ƙalau, Tabawa. Malam ne ya dawo da baƙi, suna hutawa a ɗaki. Kar ki shigo yanzu."

Na kasa kunne. Ina jiran Tabawa ta ce wane Malam, ina jiran ta yi salati ta ce tsohuwa ta fara ruɗewa. Sai ta ce, muryarta ko rawa ba ta yi ba, "To madalla. A gaishe shi da hanya." Har ta ɗan buga taɓarya a turmi kafin ta bari. Daga baya aka ce da goyonta a baya ta ratsa rafi a guje, ba ko takalmi.

Mutanen sun yarda. Saurayin har ya tsuguna, ya karɓi ragowar kunun ya shanye. Ban san tsawon zaman da muka ƙara yi ba. Abin da na sani shi ne, gangar da muke jiyowa tun safe ta tsaya cak a tsakiyar kiɗa, ba irin tsayawar hutu ba. Duk wanda ke ɗakin ya ji wannan shirun. Saurayin ya miƙe a hankali ya dubi Iya, ya ce, "Tsohuwa, me kika gaya mata?"

Iya ta ce, "Abin da ka ji. In kana da ƙafa, ɗan nan, yanzu ne amfaninta."

Ya ɗaga addar. Na rufe ido. Da na buɗe sai na ga wansa yake kallo, ashe wansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Wan ya ce masa, "Tafi. Ka ce da Inna na tafi cin rani." Saurayin ya juya ya fasa danga ta baya ya faɗa cikin gero. Ba a sake ganinsa ba.

Da mazan suka iso da fartanyoyi da sanduna, babana a gaba, sun tarar Iya ta ja jiki ta zauna a bakin ƙofar ɗakin ta miƙe ƙafafu ta tare hanya. Ana ta ihu a fito da shi a gama da shi. Ta ce, "Ba a gidan nan ba. Jinin haihuwa bai bushe a ɗakin nan ba, ba za a gauraya shi da na kisa ba. Mai son shiga ya tsallake ni." Ba wanda ya iya tsallake ta. Sai da hayaniya ta lafa aka fito da shi aka kai wa mai gari, aka ɗora shi a jaki aka nufi Rano. Wasu sun ce ya cika a hanya, wasu sun ce ya warke an ɗaure shi. Ko sunansa ban sani ba.

Mutane suka yi ta zuwa jaje, ana ta yabon Iya da Tabawa, mata na tsokanata wai mara kunya ta ce ɗanta ne. Babana ya sa aka yi wa zaure ƙyauren katako da sakata, na farko a ƙauyen. Kowa ya ɗauka magana ta wuce. Amma tun daga ranar nonona ya ɗauke ƙaf. An dafa mini duk saiwar da aka sani, an yi rubutu na sha, an ƙara kunu, shiru. Ko kaza ce ta taɓa tufaniya sai in zabura jikina ya hau ɓari. Yaron ya yi kuka har muryarsa ta dushe, maɗigarsa ta faɗa, ranar suna ma a lulluɓe aka nuna shi don kar a ga yadda ya koma. A lokacin ba madarar gwangwani a ƙauye, nonon akuya kuma da aka gwada ya ƙi zama a cikinsa. Wata safiya Yaya Tabawa ta shigo, ta kwance 'yarta ta ajiye a tabarma, ba ta tambayi kowa ba ta ɗauke shi ta sa a ƙirjinta. Ina kallo yana sha yana sheshsheƙa har barci ya kwashe shi. Haka ta yi ta zuwa safe da yamma har Allah ya dawo mini da nawa, dab da arba'in. Na koma ɗakina a Rano da yaro mai kumatu.

Ba ɓoye zancen shayarwar aka yi ba. Irin maganar da ke zama a ɗakin mata ce, maza ba su tambaya, mu ma ba mu ga dalilin faɗa ba. In za a ba da labarin ranar, na ɓarayi da Malam da ya dawo da baƙi ake bayarwa, a yi dariya. Shekaru suka tafi, Iya ta rasu, innata ta bi ta. Yaron ya girma ya zama direban motar kaya, yana jigilar hatsi tsakanin kasuwannin Rano da Kibiya. In yamma ta yi masa a can sai ya kwana gidan kakansa. Ita kuma Tabawa 'ya'ya mata Allah ya yi ta ba ta, har ta rufe da wata mai suna Binta, fara, mai yawan dariya, wadda ke kai wa gidanmu tuwo tun da innata ta rasu. Ni ina Rano ban san me ake ciki ba. Har ya gaya wa kawunsa yana son auren Binta, maza sun fara magana a zaure, kowa na murna za a ƙara ɗinke zumunci.

Sai ga Tabawa a gidana ranar kasuwa, ita da ba ta cika fita ba. Muka gaisa, muka sake gaisawa, muka tambayi kowa da kowa har da awaki. Sannan ta dubi ƙasa ta ce, "Kin tuna?"

Na ce, "Na tuna, Yaya."

Ta ce, "Yarinyar ta daina cin abinci tun da na gaya mata. Naki ya rage."

Tun da na haife shi ban taɓa zama da shi mu biyu mun yi doguwar magana ba, sai ranar. Na sa aka kira shi, ya tsuguna a bakin ƙofa yadda ya saba, na ce ya shigo ciki. Na ba shi labarin tun daga gayya har zuwa safiyar da Tabawa ta ɗauke shi. Yana ji yana wasa da makullin motarsa, har na zo ƙarshe, sai hannun ya tsaya.

Ya ce, "Amma Inna, ai ba da Binta muka sha ba. Ko haihuwarta ba a yi ba lokacin."

Na ce, "Nonon ɗaya ne. Duk wadda Tabawa ta haifa ƙanwarka ce ko yayarka. Je ka tambayi malamai."

Ya je, ba ɗaya ba, ba biyu ba, yana neman wanda zai ce masa akwai hanya. Duk amsar ɗaya ce. Da ya dawo ya zauna a inda ya zauna da farko, ya tambaye ni, "Su mutanen nan, me suka ɗauka a gidan ranar?"

Na ce, "Ko tsinke ba su ɗauka ba."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai zuci ba, ya tashi ya fita.

Bayan shekara aka aurar da Binta can wajen Rurum. Shi ya ɗauki kayan ɗakinta a motarsa, shi ya sauke gadon ya ɗaura, don aikin wan amarya ne, kuma ba ta da wani wa sai shi. Da ya dawo na aika masa da tuwo zaure, kwanon ya dawo ko buɗe shi ba a yi ba. Ya daɗe bai yi aure ba, sai da ubansa ya yi ta fama. Daga baya ya yi, Allah ya ba shi mace ta kirki, su Ummi 'ya'yansa ne. 'Ya'yan Binta kuwa Kawu suke ce masa, kuma ban taɓa ganin Sallar da ta wuce bai ɗinka musu kaya ba. Ban sani ba ko ya huce, ko ya dai iya ɗauka ne. Irin wannan ba a tambayar ɗan fari.

Yaya Tabawa ta rasu da daminar da ta wuce, ta tsufa ƙwarai. Mu mata muna cikin gida, sai da maza suka dawo daga maƙabarta ƙanena ya ba ni labari. Ya ce da aka ajiye makara a bakin kabari, liman ya duba ya ce, "Ina 'ya'yanta maza? Su shiga su karɓe ta." Kowa ya san ba ta haifi namiji ba. Sai ɗan nawa ya ratso mutane, gemunsa fari fat, ya cire takalmi, ya naɗe ƙafar wando, ya ce, "Ga ni." Ya sauka ya miƙo hannu biyu.